Gayyar da ta cinye mini masara

Shekarun baya, lokacin da baƙuwar tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo mana garinmu Marnona, ina da nawa tsarin. Da farko, ba na taɓa gidan rinar da ke kan magaryar bakin gonata, don na sha ganin rina tana ɗauke tsutsa. Sannan in an ci kifin Goronyo a gidana, sai in tafasa kawunan, in yayyafa romon a kan masara. Tururuwa ta biyo ƙarni, ta hau, ta sauko da ƙananan tsutsotsi. Tsutsar ba ta ƙare ba, amma ba ta fi ƙarfin gonar ba. Ana yi mini dariya, wai ga mai yi wa tururuwa miya. Ni ma nakan ɓoye tukunyar cikin buhu.

Ana nan sai mahaifiyata ta kwanta asibiti a Wurno, na tare can ina jinya. Kawuna ya tausaya mini, ya kira gayya. Suka nome gonar tas. Rina ta harbi wani a wuya, suka cinna wa gidanta wuta. Suka tone ramukan tururuwa. Daga ƙarshe suka ari injin feshi, suka wanke gonar da maganin da ko sunansa ba su sani ba.

Da na dawo, kawu ya raka ni gonar, fuska a sake.

"Ɗana, ka ga aiki? Ko ƙuda babu cikin gonag ga."

Na dubi magaryar, ta yi baƙi ƙirin. Na ce, "Kawu, rinar mi tay yi muku?"

"Uwarka na kwance, kai kana tambayar rina? Surukarka ta?"

Wa zai yi wa kawunsa faɗa a kan alheri? Na sayi goro na bi gida-gida ina godiya.

Maganin bai kai ga tsutsar da ta lafe can cikin zuciyar masara ba. Sababbin ƙwai suka ƙyanƙyashe, babu mai taɓa su. Kafin masarar ta yi goyo, ganyenta ya koma rariya. Abin da na kai gida bai kai mu ko rani ba. Kawu ya leƙa rumbun, ya girgiza kai.

"Allah ya so munka yi feshin nan. Da ko wanga ba ka samu."

Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma babu wanda zan kama, don kowa da zuciya ɗaya ya zo. Abin da na koya shi ne, gona tana da ma'aikatan da ba su riƙe da fartanya. Yanzu in tafiya ta kama ni, kafin in yi sallama da iyalina, sai na bi maƙwabta na roƙe su don Allah kada kowa ya taimake ni.