Indararon da Na Toshe

Duk wanda ya taso a Wurno zamanin Turawa ya san Sarkin Magina, ko bai san fuskarsa ba ya san aikin hannunsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa duk faso saboda taka ƙasar gini. Shi ya gina zauren hakimi, shi ya rufe masallatan unguwa uku da na sani, kuma har daga Rabah da Goronyo ana aiko masa da doki in wani attajiri zai tayar da soro. Ba ya zane a takarda. Da ƙafa yake auna fili, ya ja layi da sanda, ya murza ƙasa a tafin hannu ya ce wannan ta tubali ce, waccan a bar wa masu tukwane. In ya gama ɗaure rufi da azara, sai ya hau can tsakiya ya zauna ya ci goro, don mai gida ya ga ya yarda da aikinsa. Aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa.

Ni kuwa lokacin na ɗan haura talatin, an ɗauke ni malamin hakimi, ni ke rubuta takardu in karanta waɗanda suka zo daga Sakkwato. Kai, na ji kaina! Tafiyata ma sai da ta sake. Na ga ɗakin ciyawa bai dace da ni ba, na ce sai soro. Baba ya gina mini shi a rani guda. Ran da ya gama ya hau da ni bisa rufin, ya nuna mini yadda ya karkata daɓen, ya nuna mini indararo biyu, ƙarami a arewa, babba a gabas.

"Malam," ya ce, "ruwan soron ga duka ta na gabas shika hita. Kowace shekara kahin damana a share shi, a yi yaɓe. In ka yi haka, jikokinka na kwana cikinai."

Na ce to, hankalina na can wajen irin ƙyauren da zan sa.

A shekara ta uku na sayi keke. Duk garin kekuna ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Na kafa masa rumfa jikin bangon gabas, wajen hanya, don masu wucewa su gani, ba wani dalili. Da ruwan farko ya sauka, sai babban indararon nan ya dinga kwarara bisa rumfar, ya fallatsa wa keken taɓo har sirdi. Da mai hankali ne sai ya matsar da rumfa, aikin da bai kai dafa tuwo ba. Ni sai na jira hantsi, mutane sun watse gona, na ɗauko tsani na hau. Na cusa tsumma a bakin indararon, na liƙe da laka, na shafe sumul. Na ce ai ga na arewa nan, ya ishe shi.

Cikin marka aka kwana uku ana ruwa. Da safiyar na huɗu uwargida ta ga ƙasa na zubowa daga rufi, ta kwashe yara ta yi waje tana salati. Ba a daɗe ba rufin ya rufta gaba ɗaya. Ruwan da ya rasa hanyar fita ya kwanta a sama, ya jiƙa ƙasar har ta fi ƙarfin azara. Allah ya tsare, ko kaza ba ta mutu ba.

Unguwa ta cika ƙofar gidana. Baba ya zo da gudu, rawaninsa a hannu. Ya hau kan ɓaraguzai, ya taɓa azara ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyarsu lau, ba gara ba ruɓa. Sai ya nufi bangon gabas da ke tsaye, ya miƙa hannu cikin indararon. Ya daɗe hannunsa na ciki. Ya sauko, ya dube ni, ya ce, "Barka da arziki, Malam." Ya tafi gida.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Bayan kaka Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi, aka taru a zauren hakimi kan batun gina ɗakin shan magani. Hakimi ya ce ga Sarkin Magina nan, shi ke mana gini tun ba yau ba. Baturen ya ce ya ji labarin wani soro da ya faɗi da damina, wa ya gina shi? Hakimi ya juyo wajena.

"Malam, ai gidanka na. Mi yak kada shi?"

Baba na zaune kusa da ƙofa, ina ganinsa ta wutsiyar ido. Na hango kaina ina faɗa gaban Bature da fadawa cewa ni, mai karanta takardun Sakkwato, na toshe indararo saboda keke. Na ji dariyar tun ba a yi ta ba.

"Ranka shi daɗe," na ce, "Allah kaɗai yas sani. Ni dai ginin bai cika shekara ukku ba."

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Ƙarya na yi, kuma mummuna, tunda da gaskiya na naɗe ta. Aka ba magina daga Sakkwato aikin, suka zo da siminti da kwano. Magana kuwa ta bi kasuwanni: Sarkin Magina ya tsufa, hannunsa ya mutu, soronsa na kisa. Dokin Rabah bai sake zuwa ba, na Goronyo ma haka. Mutumin da ya rufe zauren hakimi ya koma gina rumbuna da katangu a Kwargaba da Sisawa, yana tafiya da ƙafa. 'Ya'yansa da ya koya wa sana'a suka ajiye ta suka shiga fadama noman albasa. Sarautar na nan, amma ba mai kiransa.

In muka haɗu a hanya shi ke fara gaishe ni, ya tambayi yara. Wallahi da ya zage ni da na fi samun barci. Sai da na shekara bakwai ina ɗauke da abin kafin na same shi a zaurensa wata rana bayan la'asar. Na durƙusa, na fara kewaye-kewaye. Ya katse ni.

"Malam, tun ran nan hannuna yat taɓa tsumman."

"To Baba, mi yas sa ba ka hwaɗi ba?"

"Ni in tona ma ɗan aminina asiri gaban Nasara? Na aza kai za ka hwaɗi."

Na ce ya yafe mini, ina kuka kamar ba babba ba.

"Tsakanina da kai na yahe tun tuni," ya ce. "Amma sunana ba cikin zauren ga aka kada shi ba. Ka hwaɗi inda mutane ka ji. Ran Juma'a, bayan an sallame."

Na yi masa alkawari, har da rantsuwa.

Juma'a ta zo. Aka sallame, na miƙe. Mutane sun saba in na miƙe saƙon hakimi ne, suka kasa kunne. Baba na jingine da ginshiƙi, ya sa sabuwar riga. Na dubi fuskokin nan, ga surukina, ga fadawa, ga 'ya'yana biyu. Akwai sanarwa a aljihuna cewa masu allurar shanu za su zo mako mai zuwa. Ita na zaro na karanta, na koma na zauna. Baba ya ɗauki takalmansa ya fita.

Na ce sai Juma'a mai zuwa. Ita ma ta zo ta wuce, ta bayanta ma haka. Bai taɓa tuna mini ba, bai kuma daina gaishe ni ba.

Da bazara ya rasu, ruwa bai kai ga sauka ba. Aka fito da shi da hantsi, aka ajiye makara a ƙofar gidansa, ina sahun gaba saboda muƙamina. Kafin a tayar da salla liman ya juyo ya ce, "Jama'a, duk wanda mamacin ga yab ɓata ma rai, shi yahe mashi."

Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yahe." Na buɗe baki na faɗa tare da su.