Farfesa Ramlatu Gwadabe da 'Ya'yan Ja'afaru

Duk wanda ya shiga gidan Farfesa Ramlatu Gwadabe a Kibiya da hantsi zai same ta a inuwar mangwaro, tabarau a hanci, tana gyara rubutun binciken wani ɗalibi. Bara ta yi ritaya daga jami'a, amma har yau ana turo mata irin wannan rubutu, kuma ba ta taɓa mayar da kowa ba. Maƙwabta Hajiya Malama suke ce mata. Kaɗan ne suka san abin da ta shafe sama da shekara talatin tana bincike a kai.

Ni ɗalibinta ne, yanzu ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Rano. Fagenta shi ne wani sinadari da ake kira fofirin. Ƙirarsa kamar zobe take. Idan ya riƙe ƙarfe a tsakiyarsa, shi ne yake sa jini ya yi ja, ɗan'uwansa kuma shi ke sa ganye ya yi kore. Mukan yi mata tsiya a bayan ido cewa ta tsufa a kan zobe ɗaya.

Wata shekara ta zo gida hutun Sallah, na rako ta. Wata mata mai suna Fulera ta zo daga Madachi gaisuwa, ta ba da labari tana share hawaye. Ɗanta ƙarami ya rasu da farfaɗiya, sauran biyun kuma kullum ciwon ciki. An ce jininsu ya yi ƙasa, sun sha maganin ƙarin jini, amma shiru.

Malama ta ce, "Wace sana'a mahaifinsu yake yi?"

"Tsofaffin baturan mota yake fasawa, ya narka dalmar ya sayar."

"A ina?"

"A tsakar gida, Hajiya."

Washegari muka tafi Madachi. A hanya ta bayyana mini cewa gubar dalma tana hana jiki kammala ƙera wannan zobe na jini. Mun tarar da yaran suna wasa kusa da tokar wurin narka dalmar. Mai gidan, Malam Ja'afaru, bai ji daɗin zuwanmu ba.

Da Malama ta gaya masa dalmar take zargi, ya ce, "Hajiya, wato ni na kashe ɗana? Da wannan aikin nake ciyar da su."

Ta ce, "Malam Ja'afaru, ba ka sani ba ne, kuma ba wanda ya gaya maka. Ni ba likita ba ce. Ka ba ni ƙasar gidan nan in gwada, ka bar ni in kai yaran asibiti a Kano. In na yi kuskure, da ƙafata zan zo in ba ka haƙuri."

Daga baya ya ɗauko fartanya da kansa ya ɗebo mana ƙasar.

Gwajin ya tabbatar da zarginta. Likitoci suka yi wa yaran magani, mutanen unguwa suka kankare ƙasar tsakar gidan aka zuba sabuwa. Malam Ja'afaru ya bar fasa batura, ya sha wuya kafin ya koyi gyaran injin ban-ruwa. Cikin yaran biyu, namijin har yanzu karatu yana yi masa nauyi. Macen, Nuriyya, tana ajina.

Abin da ya dami Malama shi ne sai da aka kai ƙasar gidan birni kafin a gane. Ta juya bincikenta zuwa haɗa takardar gwaji mai araha, wadda aka jiƙa da fofirin, da za ta sauya launi idan ta haɗu da dalma. Shekaru muka yi muna faɗuwa. Wuta ta ɗauke, sinadarin ya lalace, mu sake daga farko. Da aikin ya fito a mujallun masana, sunayenmu ta sa a gaba, nata a ƙarshe. Masu bincike a wasu ƙasashe sun ɗora nasu aikin a kan nata, kuma cikin waɗanda ta yaye akwai farfesoshi yanzu.

Malama, ke ce kika koya mana cewa ɗakin gwaji ba wurin ɓuya daga mutane ba ne. Ke ce kika gaya wa uba gaskiya mai zafi ba tare da kin wulaƙanta shi ba. Uwar ɗalibai, mun gode. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya saka miki da Aljanna.

Ku kuma 'yan'uwana da muka yi karatu, idan kun je gida wani ya kawo kukansa, ku zauna ku saurara, ku yi tambaya. Kwanan nan na haɗu da Malam Ja'afaru a kasuwar Rano, hannunsa duk baƙin mai. Ya riƙe ni ya ce, "Ka gaida mini Hajiya. Ka ce mata yaran suna nan da ransu."