Ranar da Na Turara Rigar Madam Lorna

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na kusa korar kaina daga aiki saboda turaren wuta ba. Ku da kuke koyon ɗinki a hannuna kuna cewa na cika mita a kan tambaya kafin a taɓa kayan mutane. To ga inda na samo mitar.

A tsakiyar shekarun 1980 ne, muna zaune a garin Hyattsville na Amurka, maigidana yana karatu, ni kuma na samu aiki a ɗakin tufafi na wani gidan wasan kwaikwayo a cikin Washington. Anti Saratu, wata nas 'yar Kafanchan da ke Lanham, ita ta tsaya mini aka ɗauke ni gwajin wata uku. Shugabarmu Misis Dolan, mace ce da ba ta dariya sai da dalili. Ƙarƙashinta akwai masu yanka, sai masu ɗinki, sai mu masu sa wa 'yan wasa kaya, mu ne wutsiya. Mu ke guga, mu ke ɗinke maɓalli, mu ke tsayuwa bayan labule mu canza wa ɗan wasa kaya kafin ya koma dandali.

Wasan da ake yi tsohon wasan Ingilishi ne na shekaru ɗaruruwa. Akwai saurayi da budurwa a ciki, amma ba su jama'a ke zuwa kallo ba. Wata bazawara ake zuwa gani da wani tsohon kyaftin ɗin jirgin ruwa, waɗanda suka so juna da ƙuruciya, girman kai ya raba su. Madam Lorna ke yin bazawarar, ta ba hamsin baya da nisa. Mista Wolta ke yin kyaftin, furfura har gira. Da farko dariya suke ba ni, don a gida ban taɓa ganin dattijo ya durƙusa wa mace a gaban mutane ba. Darakta kuwa kullum cikin ƙorafi yake, wai kalaman so suke yi kamar masu karanta takardar haya.

Rigar Madam Lorna ta karan-miski ce, ga nauyi, ba a wanke irinta da ruwa. Dabarar masu sana'ar ita ce a zuba farar barasa a kwalba a fesa wa hammata da wuya, ta kashe warin gumi. Wata biyu ina zillewa, abokiyar aikina ke yi. A wannan makon ta kwanta rashin lafiya, Misis Dolan ta miƙo mini kwalbar. Kunya ta hana ni ce mata hannuna ba ya taɓa barasa, tsoro kuma ya hana ni cewa ba zan yi ba.

Sai na yi wayo irin na mai ƙarar kwana. Ranar Juma'a da yamma na naɗe rigar a jaka na hau bas da ita, alhali doka ta farko a ɗakin ita ce kaya ba sa fita ƙofa. Da na isa gida na kife kwandon wanki a banɗaki, na sa kasko a ƙarƙashi, na zuba turaren Maiduguri da mahaifiyata ta aiko mini, na lulluɓe kwandon da rigar, na buɗe taga don kada ƙararrawar hayaƙi ta tona ni. Rigar ta sha turare kamar ta amarya.

Wasan Asabar ƙarfe biyu na rana ake farawa. Saura minti goma, ina ɗaure wa Madam Lorna igiyoyin baya, Misis Dolan ta shigo ta tsaya cak.

"Rabi, ƙamshin mene ne wannan?"

Na faɗa mata gaskiya. Fuskarta ta yi ja. Ta ja ni gefe ta ce, "Kin san me ya sa ko turaren jiki ba a shafawa a bayan labule? Mista Wolta yana da asma. Bara hayaƙin sigari ya kai shi asibiti. Babu wata rigar, babu lokaci. In ya yi tari ko sau ɗaya, ki ɗauki jakarki, kada ki jira in kira ki."

Ba aikin kaɗai ya tsaya mini a rai ba. Na tuna Anti Saratu da ta sa sunanta a kaina, tana nan zaune cikin 'yan kallo da tikitin da na ba ta. Na kuma tuna cewa zan iya kashe bawan Allah da turaren uwata. Misis Dolan ta je ɗakin Mista Wolta ta ɗauko maganin asmarsa na shaƙa, ta riƙe a hannu, muka tsaya bayan labule kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani.

Rabin farko na wasan faɗa suke yi daga nesa, ban huta ba. A rabi na biyu ne kyaftin yake zuwa ya durƙusa ya kama gefen rigarta. Na san wurin kamar yunwar cikina. Ya tako, ya durƙusa, ya ɗaga rigar zuwa fuskarsa. Sai ya yi shiru.

Na ga kafaɗunsa sun ɗaga yana jan numfashi. Mai tunatar da 'yan wasa kalamai in sun manta ya buɗe baki. Misis Dolan ta cire murfin maganin. Ni kuwa Innalillahi kawai nake maimaitawa. Sai Mista Wolta ya ɗago kai ya kalli Madam Lorna irin kallon da bai taɓa yi mata ba, ya fara magana a hankali, muryarsa tana karyewa. Ita ma ta manta da taƙamar da aka koya mata, ta ɗora hannu a kan furfurarsa. Zauren ya yi tsit, har na ji wata mata a layin gaba tana jan hanci. Bai yi tari ba.

Da aka rufe labule ya nufo mu, na ce to yau kashina ya bushe. Ya tambaya wa ya taɓa rigar, Misis Dolan ta nuna ni da haɓa. Ya ce, "Wata biyu ina neman auren matar nan tana warin mashaya. Yau na gane me ya sa kyaftin bai manta da ita ba shekara talatin."

Ban tsira gaba ɗaya ba. Ranar Litinin Misis Dolan ta ba ni takardar gargaɗi, ta ƙara mini wata ɗaya na gwaji. Ta ce da na faɗa mata batun barasar, da ta ba wani tun ranar farko. Bayan likitan Mista Wolta ya amince da ɗan kaɗan, ta ce in riƙa turara rigar a tsakar gidan baya, da tulun kashe gobara a gefena. Anti Saratu kuwa da ta ji labarin a mota, ta ce, "Ke Rabi, kin ga ikon Allah? Ni ina can ina share hawaye, ashe aikinki ne ke cikin haɗari. Amma dai da tsohuwar zuma ake magani, tsofaffin nan sun fi yaran iya so."

Gaskiyarta. Tun ranar ban ƙara yi wa masu furfura dariya ba in na ga suna kallon juna. Na tuna kakata ma har ta rasu ba ta daina turara zanenta ba, kuma ba don mu take yi ba. Amma kada ku ɗauka wayona ne ya yi aiki. Sa'a ce, da ya yi tari da wani labarin nake ba ku. Kunyar da ta hana ni faɗin kalma ɗaya ita ta kusa cin ran mutum. Takardar gargaɗin tana nan a akwatina, tare da ragowar turaren, in na buɗe ta har yau ƙamshi take yi.