Fitilar da ta ci mini zabi

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san zabi. A Salaga na taso ina kiwonsu da babana. Fitilar titin da ke gaban gidanmu lokacin ja-ja ce, kamar manja, haskenta ba ya wuce gindin falwayar. Da magariba zabi su hau darbejiya su yi shiru, shi ke nan sai asuba.

Da na yi aure na koma Yendi da irin nasu. Nan ma akwai darbejiya a bakin titi, nan ma suka riƙa kwana a kanta. Sai aka zo aka kafa sabuwar fitila mai aiki da hasken rana, fara fat, dab da bishiyar. Unguwa ta yi ta murna. Matata har da guɗa.

Damina na sauka, ƙwari suka taru a kan fitilar: shinge, fara, gyare, har da waɗanda ban san sunansu ba. Ja-jar ta Salaga ba ta taɓa tara irin wannan ba. Zabona suka daina barci. Suna ganin fari, su a ganinsu gari ya waye, ga kuma abinci a zube. Sai su diro kan kwalta su hau tsinta. Motocin doya kuwa ba sa taka birki don zabuwa.

Na je wurin wakilin unguwarmu na ce a matsar da fitilar gaba kaɗan, ko a rage mata ƙarfi.

Ya yi dariya ya ce, "Haba maigida, mutane na neman haske, kai kana neman duhu saboda kaji?"

Na ce, "Ba kaji ba ne, zabi ne."

"To ka kulle su a akurki mana."

Na kulle su. Zabuwar da ta saba da bishiya ba ta yarda da akurki. Suka yi ta dukan kai da wayar akurkin, ƙwai ya tsaya. Na sake su, titi ya ci gaba da ɗauka. Ni ma barcin ya gagare ni, ko babur ya wuce sai na zabura.

Ragowar na zuba a kwando na kai kasuwar Bawku. Wanda ya saya, wani ɗan Burkina, ya ɗaga ɗaya ya ce sun rame. Ban musa ba. Tambaya ɗaya na yi masa kafin in sakar masa kwandon: ko akwai fitilar titi a ƙauyensu. Ya ce babu. Na ce ya ɗauka.