Guɗar da Na Rangaɗa a Wasan 'Yata

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na iya rubuta shi, domin abin kunya ne, kuma ni na jawo shi da hannuna. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san ni za su gane ni, su rufa mini asiri.

A farkon shekarun dubu biyu na biyo mijina Amurka, muka zauna a Largo, shi yana tuƙin tasi, ni ina aikin kula da marasa lafiya a wani asibiti. A lokacin ni ce uwar biki a cikin matan Hausawan yankin. Suna ne, walima ce, saukar karatu ce, ni ke fitar da anko, ni ke raba girki, kuma in na rangaɗa guɗa har wurin ajiye motoci sai an ji. Ina ji da kaina, ga ni da ƙyanƙyami na fitar hankali. Wuni nake ina kwashe ƙazantar mutane a wurin aiki, saboda haka in na dawo gida ko ɗigon shayi ban yarda in gani a kafet ba.

'Ya ɗaya Allah ya ba mu. Tana firamare aka ce kowane yaro ya zaɓi abin kiɗa, sai ga ta da wani dogon ƙaho na tagulla da suke kira turombon, wanda ake busawa ana tura hannunsa gaba ana jawo shi baya. Babanta ya yi dariya ya ce kakaki ne aka yi masa aljihun tebur. Ni ban ga abin dariya ba. Ƙarar ma da sauƙi, duk da kamar saniya ake ja mayanka. Abin da ya tayar mini da zuciya shi ne ranar da na ga ta danna wani ɗan maɓalli a ƙasan ƙahon, ta hura, ruwa ya tsiyayo a kan kafet ɗin da nake shimfiɗa sallaya. Ta yi ta rantsuwa wai ba yawu ba ne, tururin numfashi ne ke taruwa ya zama ruwa. Na ce abin da ya fito daga bakin mutum ko me aka kira shi yawu ne. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, wata rana na tarar da bakin robar nan da ake zuƙe masai da ita in ya toshe, a kan teburin cin abinci. Wai sabuwa ce fil, wai manyan mabusa ma da ita suke rufe bakin ƙahon su sauya masa murya. Da tsinken tsintsiya na ɗauke ta. Daga ranar na kora yarinyar ɗakin wanki na ƙasa, inda babu abin ɗumama ɗaki, ta riƙa busarta sanye da rigar sanyi.

Shekara goma sha biyu yarinyar nan tana busa, ban taɓa zuwa kallonta ba ko sau ɗaya. Kullum ina da aiki, ko ina da biki. Babanta ke kai ta, shi ke ɗauko ta. Da ta shiga jami'a a College Park ta ce kiɗa za ta karanta, kwana uku ban yi mata magana ba. Akwai wata a cikinmu da ɗanta ke karatun likita, duk haɗuwarmu sai ta tambaye ni ina mai busa, ko an fara gayyatarta kamu. Ina dariya, amma abin yana cina.

A shekararta ta ƙarshe ta haɗu da wata ƙawarta Baturiya, 'yar talakawa daga wata jiha mai nisa, suna busa su biyu. Wata tsohuwar malamarsu ta tsara musu sabon kiɗa na ƙaho biyu, wanda ba a taɓa busa shi ba. Akwai wata gasa da suke nema, wadda waɗanda suka ci ake kai su Turai a horar da su shekara guda. Sharaɗin shi ne a aika da bidiyon wasan da aka yi a gaban jama'a, daga farko har ƙarshe, ba yanke ba gyara, kuma saura kwana biyu a rufe karɓa ranar da aka ba su zauren da za su yi wasan. Da na ji kalmar Turai sai kunnena ya miƙe. 'Yata ta zauna kusa da ni ta ce tana so in zo, amma ni da babanta kawai, in zauna shiru, kada in tafa sai na ga sun sauke ƙahonin. Ta fara yi mini bayanin kiɗan, ni kuwa hankalina yana kan waya, ina zaɓen atamfa. Mata goma sha huɗu na gayyata, har da uwar likita. Ita ce ma ta farko.

Ranar wasan da la'asar muka shiga, ɗaure-ɗaurenmu har suna tare wa na baya gani. Zauren ƙarami ne, mutanen ciki ba su fi cikin motar safa ba, kowa ya yi tsit kamar gidan makoki. 'Yata da ƙawarta suka fito cikin baƙaƙen kaya suka fara. Wallahi, Edita, ban ji abin da zan kira kiɗa ba. Babu ganga, babu amshi, babu inda mutum zai kaɗa kai. Wannan ta yi gurnani, waccan ta ja wata doguwar murya ta sake ta. Wani lokaci iska kawai suke hurawa, fuuu, ba sauti. Sai ga 'yata ta sunkuya ta ɗauko robar masai a gaban duniya. Na ga uwar likita ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Can kuma su biyun suka danna maɓallan nan, ruwa ya ɗiɗɗiga a kan dandamali. Wata a bayana ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ana nan sai suka tsaya cak. Ƙahoni a baki, ido a rufe, ba motsi. Shiru ya yi tsawo. Na ce a raina shi ke nan, yaran nan sun manta abin da za su busa, sun kakare, kuma a gaban matan da na tara. A wurinmu in mawaƙi ya sarƙe, ai mai biki ce ke rufa masa asiri. Na miƙe na riƙe hanci na rangaɗa guɗa, irin tawa ta asali. Matan suka amsa. Babanta ya kamo gefen mayafina na fizge. Na hau dandamali da daloli a hannu ina liƙa wa 'yata a goshi, ina liƙa wa Baturiyar, kuɗin suna zamewa suna faɗawa cikin jiƙar da ke ƙasa. Sai da na juyo ina neman wanda zai taya ni, na ga babu mai murmushi a zauren. Tsohuwar malamar tana layin gaba, ta rufe fuska da tafukanta biyu.

Daga baya na san cewa shirun nan shi ne tsakiyar kiɗan. Tsohuwar ta tsara shi ne bayan rasuwar mijinta: iskar da suke hurawa numfashin mara lafiya ce, shirun kuwa lokacin da ya ɗauke ne. Abin da 'yata ke gaya mini ke nan ina zaɓen atamfa. Ni da nake zama a gefen gadon masu cikawa, na fi kowa a zauren sanin wannan numfashi, amma ban ji shi ba, don ƙawayena nake sauraro.

'Yata ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ƙahon, ta durƙusa ta tsince dalolin ɗaya bayan ɗaya daga cikin ruwan, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce mini a Hausarta mai tsami wai na yar da kuɗina. Na karɓe su a jiƙe, ni mai ƙyanƙyami. Bidiyon ya ɓaci, kuma ba a sami wani zauren ba kafin a rufe gasar. Ƙawar tata, wadda ke aiki a kanti tana karatu, ta koma jiharsu bayan an yaye su, kuma ba su sake busa tare ba. Ko kallon banza yarinyar nan ba ta yi mini ba, har gaishe ni ta yi a bakin ƙofa, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Uwar likita ta samu abin ba da labari na shekara guda.

Yanzu in na tuna, ba yawun nake ƙyama ba, kaina nake ƙyama. An ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Shekara goma sha biyu na ƙi sauka matakala goma in saurari abin da 'yata ke yi, ranar da na je kuwa ba don ita na je ba, na je ne a gan ni. Ina kira ga iyaye, musamman mu da muke renon 'ya'ya a ƙasar wasu: in ɗanka ya riƙe wata sana'a ta halal da ba ka gane ba, ka zauna ya koya maka, kuma in ba ka san gari ba ka saurari daka. Ba kowane shiru ne ke neman a cike shi ba.

'Yata tana wani birni yanzu tana koyar da busa. Duk Juma'a tana kirana, da Sallah tana zuwa, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na nemi gafararta ta ce ya wuce. Amma ko sau ɗaya ba ta sake shigowa da ƙahon nan gidana ba, a but ɗin mota take barin sa. Bara na ce ta shigo da shi ta busa mini a falo, ta yi murmushi ta ce kada ta ɓata mini kafet. Kafet ɗin yana nan tsaf, babu tabo ko ɗaya.