Kawu Iliya da Bastet

Duk wanda ya ce Kawu Iliya yana bauta wa kyanwa ƙarya yake yi, kuma da yawanku kun faɗa, har a wajen zaman makokinsa na ji. Ni Ladi, 'yar ƙanwarsa, a gidansa na Furana na girma, don haka ku saurara.

Gaskiya ne ba ya kai loma baki sai ya gutsura wa kyanwarsa. Gaskiya ne sunanta Bastet. Malamin tarihi ne kafin sojoji su sallame shi daga aiki, a can ya samo sunan: wata allahiyar Masarawan dā mai jikin mace da kan kyanwa.

Lokacin da madara ta zama sai an bi layi, Kawu ya wuni a rana a Makarfi, soja na zagaye su da bulala, ya dawo da gwangwani ɗaya. Ya huda, ya tsiyaya wa Bastet, ya sha shayinsa baƙi.

Na ce, "Kawu, kai fa?"

Ya ce, "Ni an sallame ni, Ladi. Ita tana bakin aikinta."

Da surutu ya yi yawa, Fasto ya zo da kansa. "Malam Iliya, an ce ka ajiye gunki mai rai."

Kawu ya shimfiɗa masa tabarma, ya kwashe shi da labari: yadda Masarawa ke cika jiragen ruwa zuwa bikinta, mata na kaɗa caki suna waƙa, ana shan giya kamar ba gobe. Sannan ya ce, "Su ne suka bauta mata, Fasto. Ni ma'aikaciya nake girmamawa. Rumbun wa ɓera bai taɓa ba a garin nan in ba nawa ba?"

Da Fasto zai tafi ya tambaya a hankali ko Bastet ta kusa haihuwa.

Ranar da tsohuwar kyanwarsa, uwar Bastet, ta mutu kuwa, Kawu ya fito ba gira ko ɗaya. Ya aske tas. Na ce ya koma kamar dafaffen ƙwai. Ya ce haka Masarawa ke yi in kyanwar gida ta mutu, ranar da gira ta tsiro makoki ya ƙare. Mun yi dariya har Inna Rifkatu, matarsa, ta ƙware da kunu.

Damina ta gaba Inna ta rasu. Na yi ta kallon fuskarsa, bai taɓa girar ba. Da bakina da ba ya shiru na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Wannan ba mai ƙarewa ba ne."

Daga nan ya rage magana, sai da Bastet. Da ciwo ya kwantar da shi, asibiti ba magani, ita ce ke kwance a ƙafafunsa har ya cika.

Shekaranjiya na tarar da ƙannensa sun cusa Bastet a buhu za su kai rafi, wai a jikinta asirinsa yake. Na fizge buhun. Kawu Audu, babbansu, ya ce ba ni da kunya. Na ce na sani.

Allah ya ba ka hutawa, Kawu, ya haɗa ka da Inna.

Gobe zan koma wurin aikina a Makarfi da Bastet a kwando. Mai gidan da nake haya ba ya son kyanwa. In ya ce ta fita, tare za mu fita.