Hannun Maselina

A gabashin tsibirin Savai'i babu wanda bai san hannun Maselina ba. Mai tausa ce, ta gaji sana'ar wajen kakarta: man kwakwa, ganyen itacen nonu, da yatsu masu gano inda jijiya ta harɗe. Ga ta da baki, in ka yi raki ta haɗa maka da zagi kyauta.

Mijinta Ioelu masunci ne, zuciyarsa ta taɓu tun zazzaɓin yarinta. Da abin ya ci tura gwamnati ta kai shi birnin Auckland a ƙasar waje, aka tsaga ƙirjinsa, aka dasa masa ɗan ƙarfe a zuciya. Da ya dawo, safe da yamma Maselina tana shafa masa mai a gefen ɗinkin.

"Ke, a hankali," in ji shi. "Ƙirjin nan fa na gwamnati ne yanzu."

"Rufe mana baki, tsoho. Da na bar wa likitoci kai, da ka bushe kamar bandar kifi."

Bayan wata biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a birnin Apia. Likitar ta ce wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a fatar kowa, mutum da dabba, ba ta cutar da kowa sai ta shiga jini ta samu ƙarfe ta liƙe.

"Daga fatar wa?" Maselina ta tambaya.

"Mama, ba a iya sani. Wataƙila tasa ce, tun ranar aikin."

Maselina ta ji, amma zuciyarta ta riga ta yanke hukunci: daga hannunta ne. Tsoro ya cika ta, ta rantse ba za ta ƙara taɓa shi ba sai ya warke. Ta ja kujera nesa da gadon, ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinya.

Kwana goma sha tara ƙafafunsa suna kumbura, yana roƙonta.

"Maselina, ko ƙafar nan ki murza min."

"In ka tashi, har sai ka ce na bari."

Bai tashi ba. Ranar Laraba da hantsi ya cika, tana daga kujerar. Da matan dangi suka kawo ruwan wankan gawa, ta karɓe ƙwaryar ta kore su waje. Ta fara daga ƙafafun, ta daɗe tana murzawa, har suna jin muryarta tana tambayarsa ko nan ne wajen.